Sauya allon malejin mota da na wata shekara: abin da ake tantancewa kafin a taɓa waya

Tambaya: Wani mai mota ya rubuto cewa motarsa tana cikin fitowar farko ta samfurinta, kuma allon malejinta ba shi da allurar da ke nuna juyin inji, ga shi fitilunsa sun dusashe. Ya samo allon irin wannan mota amma wanda aka ƙera shekaru uku bayan tasa, ya gwada shi ya zauna daram a ramin dashbod, har ramukan sukurori sun dace. A bayan allon akwai soket biyu, ɗaya ya shiga, ɗayan kuma ya ƙi. Yana so ya san ko zai iya yanke soket ɗin motar da ya ƙi shiga ya haɗa wayoyin launi da launi, sannan yana tambayar yadda za a yi da ƙidayar kilomita.

Amsa: Malam, aikin da kake son yi mai yiwuwa ne a motoci da yawa, kuma masu wayarin suna yin sa, amma hanyar da ka ambata ta yanke soket a bi launi ita ce wadda ta fi ƙona allo da kwamfutar inji. Abin da zan fara jawo hankalinka a kai shi ne soket ɗin da ya shiga, domin ya fi wanda ya ƙi shiga haɗari. Wanda ya ƙi ya riga ya sanar da kai cewa an yi sauyi, shi kuwa wanda ya shiga bai gaya maka komai ba, alhali kamfani yana iya barin gidan roba yadda yake ya sauya aikin ƙafafun da ke cikinsa, wato 'yan ƙarafan da wayoyi suke haɗuwa ta kansu. Ƙafar da take ɗauke da wutar batir a shekarar motarka tana iya zama wadda sabon allo yake sauraron saƙon sensa ta kanta, kuma wutar bolt 12 a kan layin da aka tsara wa bolt 5 ba ta buƙatar ko daƙiƙa guda kafin ta yi ɓarna. Kama da wane ba ta wane. Saboda haka kada ka sake jona ko da soket ɗin da ya dace har sai ka gama aikin takarda da zan bayyana.

Dalilin wannan bambanci shi ne kamfanonin mota kan riƙe ƙirar jiki ɗaya na tsawon shekaru, sannan a tsakiyar wannan lokaci su yi wa motar kwaskwarima. Sauya ƙirar dashbod yana da tsada, shi ya sa ramin allo da sukurori suke zama yadda suke, amma kayan lantarkin da ke bayan allon suna da saurin canzawa. Wani lokaci sauyin yana zuwa a tsakiyar shekara, don haka shekarar da ke takardun mota ba ta isa hujja ba. Ka duba wata da shekarar ƙira a tambarin da ke jikin ƙofar direba ko ginshiƙinta, ka kuma kwafe lambar da ke manne a bayan kowanne allo. Bayan haka ka binciki motar da aka ciro sabon allon daga gare ta: silinda nawa ne injinta, fetur take sha ko dizal, giyarta ta hannu ce ko mai sauya kanta, tana da birkin ABS, mai hana tayoyi kullewa idan aka taka birki, ko ba ta da shi, kuma da mil take ƙirga tafiya ko da kilomita. Kowanne daga cikin waɗannan yana da waya ko lissafi a cikin allon.

Tambayar da za ta raba maka gardama tun da wuri ita ce ta wace hanya labari yake isa ga kowanne allo, domin an yi zamani uku a wannan fanni. A zamanin farko wata igiyar ƙarfe ce mai juyawa take tasowa daga giyabos ta shiga bayan allo, inda take juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyom, jan maganaɗisun kuma ya ɗaga allura. A zamani na biyu, wanda ya yaɗu daga ƙarshen shekarun 1980, an maye gurbin igiyar da sensa mai aika bugun wuta, amma har lokacin kowace allura da kowace fitila tana da wayarta ta kanta, shi ya sa za ka ga wayoyi talatin ko fiye a bayan allon. A zamani na uku kusan dukkan labarin yana tafiya ne a kan wayoyi biyu da aka murɗe tare, wato layin CAN, wanda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, Mercedes-Benz kuma ya fara sa shi a motar kasuwa a 1991. Idan allunan naka biyu 'yan zamani na biyu ne, aikinka na sauya wa wayoyi mazauni ne da daidaita saƙonni, kuma zai yiwu da haƙuri. Idan kuwa motarka ta zamani na biyu ce, sabon allon kuma na uku, babu yadda za ka jera wayoyi ya yi aiki, domin abin da yake jira lambobi ne daga kwamfuta, motarka kuma ba ta aika su. Alamar farko ita ce yawan ƙafafu: idan tsohon allo yana da ƙafafu da yawa, sabon kuma 'yan kaɗan, to an koma layin CAN.

Mu ɗauka cewa dukansu na zamani na biyu ne, tunda soket biyu, idan masu yawan ƙafafu ne, sun fi nuna haka. Sai ka nemo zanen wayarin na kamfani na shekarun biyu, wanda ya dace da irin injin da kasuwar da aka yi wa motar. Ka ɗauki takarda ka jera kowace ƙafa ta sabon allo a layinta, ka rubuta lambarta da aikinta da irin saƙon da take jira, sannan a gabanta ka rubuta wayar motarka da ke yin wannan aiki da irin saƙon da take bayarwa. Wannan shafi na ƙarshe, na irin saƙo, shi ne mutane suke tsallakewa, kuma a nan ake faɗuwa, domin waya biyu suna iya ɗaukar suna ɗaya a zane alhali ɗaya tana kawo wuta ne ɗayar kuma tana kai wa at, wato jikin ƙarfen mota. Akwai kuma wani tarko a zanen kansa: wasu kamfanoni suna zana soket kamar kana kallon fuskarsa, wasu kuma kamar kana kallonsa ta bayan da wayoyi suke shiga, kuma idan ka ɗauki wannan a matsayin wancan, ƙafa ta ɗaya za ta koma ta ƙarshe. Ka haska fitila a jikin robar, za ka ga ƙananan lambobi da aka zuba tare da ita a kusurwoyi, su ne abin dogaro. A motocin Jamus zanen yana amfani da lambobin ƙa'idar DIN 72552, inda 30 take nufin wutar batir ta kullum, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 at, 58 fitilun dare, 61 kuma fitilar caji. Launin waya taimako ne wajen gane ta a cikin dami, amma ba ya tabbatar da aikinta, domin kamfani ɗaya yana iya ba launi ɗaya aiki dabam bayan shekara biyu. Duk abin da zane ya faɗa, ka tabbatar da shi da mitar gwaji a jikin motar.

Wayoyin wuta ba su da wuyar ganewa, sai dai a kula da abu biyu. Sabon allo mai ƙidaya ta lantarki yana iya buƙatar wutar batir ta kullum, wadda tsohon bai buƙata ba, kuma idan za a janyo ta dole ne ta bi ta fis. Sannan yawancin alluna suna da at fiye da ɗaya, na fitilu dabam, na allurai dabam, kuma idan aka haɗe su a wuri mai tsatsa za ka ga allurar mai ko ta zafi tana motsi duk lokacin da aka kunna fitila. A motocin Japan da yawa wayar dawowar fitilun allo ba ta zuwa jikin mota kai tsaye, tana bi ne ta maɓallin rage haske, saboda haka wanda ya ɗauke ta a matsayin at ya ɗaure ta a ƙarfe zai rasa ikon rage hasken, wanda kuma ya rataya wa wannan waya sauran kayan allo yana iya ƙona maɓallin.

Allurar gudu lissafi take yi da yawan bugun da ke iso mata a kowane kilomita. Ƙa'idar da motocin Japan suka daɗe a kanta ita ce juyi 637 a kilomita guda, sensa kuma tana ba da bugu huɗu a kowane juyi, wato bugu 2,548 a kilomita, wanda yake kusan bugu 71 a daƙiƙa idan mota tana gudun kilomita 100 a awa. A Amurka motocin General Motors da yawa sun yi amfani da bugu 4,000 a mil, na Ford da yawa kuma 8,000. Allon da ke jiran 4,000 idan aka ba shi 8,000 zai nuna ninkin gudun gaskiya, ƙidayar kilomita ma ta riƙa cin ninki. Siffar saƙon ita ma tana da muhimmanci, domin sensa mai waya biyu tana haifar da wuta mai hawa da sauka wadda ƙarfinta yake ƙaruwa da gudu, mai waya uku kuma tana karɓar wuta ta mayar da bugu mai tsayayyen ƙarfi, kuma allon da aka yi wa ɗaya ba lallai ya fahimci ɗayar ba. Akwai ƙananan na'urori da ake sakawa a tsakani su ninka bugu ko su rage shi ko su gyara siffarsa, kuma sun fi buɗe allo a cire allura a sake dasa ta, domin dasa allura yana gyara karatu a wuri ɗaya ne kawai ya ɓata sauran. Sai kuma ka duba inda saƙon yake zuwa bayan ya shiga allo. A motocin Toyota da yawa na shekarun 1990 saƙon gudu yana fara shiga allon maleji ne, allon ya tace shi sannan ya miƙa wa kwamfutar inji ta wata ƙafa dabam. Wanda ya manta da wannan ƙafa zai ga allura tana aiki lafiya, amma fitilar inji ta kama da lambar matsala P0500, giya mai sauya kanta kuma ta rikice wajen sauyi. A wasu shekarun kuma an cire sensar giyabos gaba ɗaya an koma ɗaukar gudu daga sensocin tayoyin mota ta hannun kwamfutar ABS, wanda ke nufin wayar da sabon allo yake jira ba daga giyabos take fitowa ba.

Allurar juyin inji, wadda ita ce ta sa ka fara wannan aiki, tana da sauƙin fahimta. A inji mai zagaye huɗu, silinda huɗu suna ba da tartsatsi biyu a kowane juyi, silinda shida uku, silinda takwas huɗu. Idan allon na mota mai silinda shida ne ka sa shi a mai huɗu, inji yana juyi 3,000 allura za ta nuna 2,000, idan kuma aka juya lamarin za ta nuna 4,500. Abu na biyu shi ne tushen saƙon: tsofaffin alluna suna ɗaukarsa daga ƙafar kwayil, inda wuta take tsalle zuwa ɗaruruwan bolt a kowane tartsatsi, sababbi kuma suna karɓar ɗan ƙaramin bugu mai tsabta daga kwamfutar inji. Kai wayar kwayil ga allon da aka yi wa saƙon kwamfuta yana iya kashe shi, kai saƙon kwamfuta ga allon da ya saba da kwayil kuma yakan bar allura kwance. Tunda motarka ba ta zo da wannan allura ba, ka duba soket ɗinta da kyau, domin sau da yawa kamfani yana yin dami ɗaya na wayoyi ga mota mai allurar da marar ita, sai ka tarar wayar tana nan a ƙafarta ba a amfani da ita. Idan babu, za ka janyo ta daga ƙafar da zane ya nuna a kwamfutar inji. Tsofaffin injinan dizal, da yake ba su da kwayil, sukan ɗauki wannan saƙo daga ƙafar W ta altaneta.

Allurar mai ita ce ta fi yaudarar mutane, domin tana motsi ko da ba ta dace ba, mai mota kuma ya ɗauka an gama. A cikin tanki akwai fulot da ke hawa da sauka tare da mai, hannunsa yana goga wani zare mai turjiya ga wuta, allo kuma yana auna wannan turjiya da ma'aunin om. Kamfanoni ba su taɓa haɗuwa a kan adadi ɗaya ba. Tsofaffin motocin General Motors suna ba da om 0 idan tanki ya ƙare da om 90 idan ya cika, tsofaffin Ford kuma kusan om 73 a ƙarewa da om 10 a cika, wato a juye, yayin da ma'aunin da ya yaɗu a Turai yake tafiya daga om 10 zuwa 180. Ka ga idan aka haɗa allon da ke jiran 0 zuwa 90 da fulot mai 73 zuwa 10, cikakken tanki zai nuna kamar mai ya kusa ƙarewa, tankin da ya bushe kuma ya nuna sama da kashi uku cikin huɗu. Kamfani ɗaya ma yana sauya wannan adadi tsakanin shekaru, wani lokaci kuma ya sauya girman tankin ko siffarsa. Hanyar tabbatarwa ita ce ka zare soket ɗin fulot ka auna turjiyarsa, idan da hali ka ciro shi ka ɗaga hannunsa sama ka sauke ƙasa kana kallon mita, tare da nisantar duk abin da ke tartsatsi, sannan ka gwada sabon allo da turjiya mai juyawa ka ga adadin da ke kai allura ƙasa da wanda ke kai ta sama. Idan adadin bai dace ba, abin da na fi so shi ne a ɗauko fulot na shekarar sabon allon, muddin yana zama a tankin, domin ƙara turjiya a kan layi yana daidaita gefe ɗaya ne ya karkatar da ɗayan. Fitilar ƙarancin mai ma tana da bambanci: a wasu tsofaffin motoci tana da ƙaramar sensa da wayarta a tanki, a sababbi kuma allon ne yake lissafa ta daga matsayin fulot.

Haka lamarin yake ga allurar zafi. Tsofaffin injina suna da sensa biyu a hanyar ruwa, mai waya ɗaya ta allura da mai waya biyu ta kwamfuta, kuma turjiyar kowacce tana raguwa yayin da ruwa yake ɗaukar zafi, amma kowacce da nata ma'auni. Sabon allo yana buƙatar sensar da aka yi shi da ita. Ba na yarda a saki mota da allurar zafin da ba a gwada ba, domin allurar da ke kwance a tsakiya alhali ruwa yana tafasa ta fi rashin allurar illa.

Fitilun gargaɗi kuwa sun fi allurai muhimmanci, ko da yake su ne ake bari a ƙarshe. Fitilar caji, mai hoton batir, a motoci da yawa tana cikin da'irar cajin kanta. Idan aka murɗa makulli, wuta tana bi ta cikin ƙwanta ta shiga altaneta ta ba shi ɗan maganaɗisun da zai fara aiki da shi, idan ya fara ba da wuta kuma sai ɓangarorin ƙwan biyu su daidaita, fitilar ta mutu. Wanda ya bar wannan waya a sake, ko ya sa allon da fitilarsa ta LED ce marar jan isasshiyar wuta kuma babu turjiya a gefenta, zai iya samun motar da ba ta caji sai an taka totur sosai, ko ba ta yi sam, kuma babu fitilar da za ta faɗa masa har batir ya mutu a hanya. Fitilar man inji tana aiki ne da maɓallin da ke haɗa waya da at idan matsin mai ya faɗi, saboda haka wayar da ta tsinke tana kama da inji mai lafiya. Wasu alluna suna da allurar matsin mai a maimakon fitila, kuma wannan tana buƙatar sensa dabam. Fitilun ABS da na jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum a lokacin haɗari, a motoci da yawa an tsara su ne su kasance a kunne, kwamfutarsu ce take kashe su idan ta ga komai lafiya, domin idan kwamfutar ta mutu ko aka zare ta fitilar ta tona asiri. Idan sabon allo yana bin akasin wannan tsari, fitilar za ta kama lokacin lafiya ta mutu lokacin matsala. Cire ƙwan ko rufe shi da baƙin salatif, kamar yadda wasu suke yi don allo ya yi kyan gani, ɓoye wa direba gaskiya ne a kan abin da ransa ya rataya a kai, kuma ba na ɗaukar wannan a matsayin gyara.

Idan bincikenka ya nuna cewa allunan biyu duk na layin CAN ne, wayoyi sun ragu amma wahala ta koma wani wuri. Kowane saƙo a wannan layi yana da lambar shaida da tsarin da kamfani ya zaɓa, kuma yana iya sauya su tsakanin shekaru, sai allo ya kama wuta ya yi kyau amma wasu allurai su ƙi tashi. A wasu motoci ɗaya daga cikin turjiya biyu masu om 120 da ke rufe bakin layin tana cikin allon. Za ka gane haka idan ka cire kan batir ka auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD, wanda ake jona na'urar binciken matsalar mota a kansa: om 60 alamar lafiya ce, om 120 kuma yana nufin ɗaya ta ɓace. A wasu kuma allon ne mashigar da ke haɗa layukan kwamfutocin mota, idan babu shi sai ka ga lambar matsala U0155 a sauran kwamfutoci. Mafi nauyi shi ne tsarin hana sata. A Volkswagen Golf ƙarni na huɗu da 'yan uwanta, alal misali, na'urar da ke gane makulli tana cikin allon maleji, don haka allon wata mota zai sa inji ya tashi ya mutu nan take har sai an daidaita allo da makulli da kwamfutar inji da na'urar da ta dace. Sababbin motocin rukunin kamfanonin Volkswagen sun ƙara wani kulle da sai an haɗa da kwamfutar kamfani ta intanet ake buɗe shi. A irin wannan hali shawarata ita ce a nemi allon da lambarsa ta dace da motar, ko a gyara tsohon, kada garin neman gira a rasa ido.

Game da yadda za a yi haɗin kuwa, kada ka yanke ko waya ɗaya a damin motarka. Ka nemo soket ɗin sabon allo da guntun wayoyinsa daga motar da aka ciro shi, ka kuma samo kishiyar soket ɗin motarka, wadda ake iya cirowa daga bayan wani mataccen allo irin naka, ka haɗa su ka yi ɗan gajeren dami na tsakani. Da haka duk kuskure yana cikin abin da za ka iya zarewa ka gyara a kan tebur, kuma idan aikin ya ƙi, tsohon allo zai koma mazauninsa cikin mintuna. Inda gidan roba ɗaya ne, ana iya zare ƙafafu da siririn ƙarfen da aka yi don haka, a danne ɗan harshen da ke riƙe kowacce a mayar da ita ramin da ya dace, amma sai an ɗauki hoton yadda suke tun farko. Kowane haɗi a matse shi da abin matsewa na gaskiya ko a like shi da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, domin murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgiza da zafin bayan dashbod. Wayoyin CAN a bar su a murɗe har bakin soket. Kafin ka fara, ka kashe mota ka cire kan batir na negatib ka jira, Toyota tana cewa daƙiƙa 90, Honda kuma minti uku, domin tsarin jakar iska yana riƙe wuta na ɗan lokaci. Duk soket ko waya mai rigar rawaya ta jakar iska ce, ba a taɓa ta da mita. Fitilar gwaji mai ƙwai ma kada ta kusanci wayoyin kwamfuta, saboda wutar da take ja ta fi ƙarfinsu.

Gwajin farko a kan tebur ake yin sa, da wutar bolt 12 ta cikin ƙaramin fis na amfiya 2 ko 3, a jona at da wuta kawai a ga allon ya farka ba tare da wari ko zafi ba. Bayan an sa shi a mota, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a ƙirga fitilun da suka kama: caji, man inji, fitilar inji, birki, ABS da jakar iska. Wadda ba ta kama a wannan mataki ba, ba za ta kama ranar da ake buƙatarta ba. Sai a tayar da inji a ga sun mutu, a auna batir a tabbatar yana samun kusan bolt 14, a gwada sigina ta hagu da ta dama da babbar fitila da birkin hannu ɗaya bayan ɗaya. Juyin inji da zafin ruwa a kwatanta su da abin da na'urar OBD take karantawa, idan motar tana da ita. Gudu kuma a kwatanta shi da GPS a shimfiɗaɗɗiyar hanya a matakai daban-daban, wani yana tuƙi wani yana dubawa. Kada ka damu idan allura ta ɗara GPS kaɗan, domin ƙa'ida ta 39 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana allura nuna ƙasa da gudun gaskiya, ta kuma yarda ta ɗara shi da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4, wato a gudun 100 tana iya nuna har 114. Wadda ke nuna ƙasa da gaskiya ita ce ke buƙatar gyara.

Saura ƙidayar kilomita. A yawancin alluna na lantarki adadin yana ajiye ne a wata ƙaramar ma'ajiya mai ƙafa takwas a cikin allon, irin su 93C46 da 93C66, saboda haka sabon allo zai zo da tafiyar motar da aka ciro shi daga gare ta. Wasu kamfanoni suna ajiye adadin a wuri biyu: BMW E46 tana riƙe shi a allo da kuma kwamfutar fitilu, kuma idan lambar motar da ke cikinsu ta saɓa sai wani ɗan ɗigo ya bayyana kusa da ƙidayar. Idan ɗaya allon da mil yake ƙirga, ka tuna mil guda kilomita 1.609 ne kafin ka kwatanta. Abin da ya dace shi ne a kai wa ƙwararre ya rubuta ainihin tafiyar motarka a sabon allon, da shaidar hoton tsohon. Ƙasashe da dama sun ɗauki rage ƙidaya a matsayin laifi: Jamus ta sanya hukunci a kansa a dokarta ta hanya tun 2005, dokar tarayya ta Amurka kuma ta tanadi cewa idan ba a iya daidaita sabuwar ƙidaya da tsohuwar ba, a mayar da ita sifili a manna sanarwa a jikin ƙofar hagu mai ɗauke da adadin da ke kan tsohuwar da ranar da aka yi sauyin. Ka binciki abin da dokar inda kake ta ce, amma ko ba ta ce komai ba, ka ɗauki hoton allunan biyu a kunne ranar sauyin, ka rubuta adadin kowanne da kwanan wata a littafin gyaran motar, domin da wannan adadi ake sanin lokacin sauya bel ɗin taimin da man giya, kuma wanda zai sayi motar bayanka yana da haƙƙin sanin tafiyar da ta yi. Tsohon allon kuma ka ajiye shi tare da takardar da ka jera ƙafafu a kai, saboda mai wayarin da zai buɗe wannan dashbod nan gaba ba zai sami haɗinka a zanen kowace shekara ba.